Faifai da Rumbu: Ajiya Biyu a Ƙwaƙwalwa

An sayi sabulu uku a kan naira 450 kowanne, da sukari na naira 600. Mai shago ya ɗaga ido sama, leɓɓansa na motsi: 1,350, a ɗora 600. Sai ga wani ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi iyali. Da ya juyo, lissafi ya bi iska, dole ya koma farko. Amma tambayi wannan mutumin jarin da ya fara kasuwanci da shi shekara 20 da suka wuce, zai faɗa maka ba gargada. Kai ɗaya ne, ajiya biyu. Ta farko kamar faifai take, ana zuba hatsi kaɗan a kanta a yi aiki. Ta biyu kuwa rumbu ce.

Bambanci na farko shi ne girma. A 1956 masani George Miller na jami'ar Harvard a Amurka ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake auna batun, ya ce in an hana mutum dabarar maimaitawa, adadin ya fi kusa da huɗu. Rumbu kuwa har yau ba a ga wanda ya cika nasa ba.

Na biyu shi ne daɗewa. A 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun riƙa ba mutane baƙaƙe uku su riƙe, sannan su sa su ƙirga da baya, uku-uku, don kada su samu damar nanatawa. Cikin daƙiƙa 18 mafi yawan baƙaƙen sun zube. Abin da sallama ta yi wa mai shago ke nan.

Hujjar da ta fi taɓa zuciyata, cewa ajiyoyin biyu daban suke, ita ce ta Henry Molaison. A 1953 likita William Scoville ya yi masa tiyata saboda farfaɗiya, ya cire wasu sassa na ƙwaƙwalwarsa. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma ƙofar rumbunsa ta rufe ga kusan duk wani sabon abu. Brenda Milner, wadda ta shafe shekaru tana nazarinsa, kullum sai ta sake gabatar masa da kanta. Duk da haka yana iya riƙe lamba na tsawon mintuna muddin yana juya ta a ransa. Da hankalinsa ya gusa, shi ke nan. A 1970 kuma Tim Shallice da Elizabeth Warrington a Ingila suka ba da labarin wani majiyyaci da ke akasin haka: ba ya iya maimaita lambobi fiye da biyu a jere, amma yana koyon sabon abu ya zauna masa. Ashe ɗaya na iya lalacewa ɗaya ta tsira.

Me ya sa na ce faifai, ban ce ƙaramin rumbu ba? Domin a kansa ake aiki. A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka bayyana cewa wannan ajiya tana da sassa: muryar ciki mai nanata kalmomi, allon da ke riƙe siffa da wuri, da mai kula da ke raba hankali tsakaninsu. Muryar cikin ba ta ɗaukar fiye da abin da baki zai furta a daƙiƙa biyu, shi ya sa gajerun kalmomi suka fi dogaye sauƙin riƙewa.

To wanne ya fi? Ni dai ban ga kishiyoyi ba. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, ta fi ƙarfin faifai, amma muna riƙe ta saboda 0803 ta riga ta zauna a rumbu, ta zama dunƙule guda. A 1973 William Chase da Herbert Simon sun nuna wa gwanayen wasan ces da ɗan koyo allon wasan na daƙiƙa biyar. In tsarin wasa ne na gaske, gwani ya fi ɗan koyo tunawa nesa ba kusa ba. In an watsa 'ya'yan wasan barkatai, fifikon ya kusa ɓacewa. Faifan gwani bai fi na kowa faɗi ba, rumbunsa ne ke ɗaure masa hatsi dami-dami.

Saboda haka nake roƙon iyaye da malamai. Yaron da aka aika ya sayo abu shida ya manta biyu ba dolo ba ne, faifansa ne aka cika har ya zuba. A ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi ya nanata. Kada kuma a raina hadda: ɗalibin da jadawalin sau ya zauna masa daram, shi ke da sauran wuri a faifai don ya yi tunani a kan tambayar da ke gabansa. Yawancin abin da ke rumbu a yau, ta kan wannan ɗan faifan ya bi, tafi ɗaya bayan tafi ɗaya.