Lalle a Matsayin Itacen Lambu: Shukarsa da Renonsa

Bahaushe ya san lalle a tafin hannu da na ƙafa, ya san shi ranar kamun amarya, har Yarabawa suka ari sunan daga gare shi suna cewa laali. Amma kaɗan ne daga cikin masu ƙunshi suka taɓa tsayawa a gindin itacen lokacin da ƙananan furanninsa farare suke cika tsakar gida da ƙamshi. A garin Kannauj na ƙasar Indiya, turare ake tatsowa daga wannan fure. Abin mamaki ne a ga ma'aikaci ya kewaye gidansa da tsire-tsiren ƙetare masu shan ruwa kamar raƙuma, alhali ga itacen da ya san fari ya kuma jure masa.

Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis, sunan da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya ba shi a 1753. Shukarsa ba wuya. A farkon damina ake yanko reshe mai kaurin yatsa, tsawon taƙi guda, a binne rabinsa a wurin da rana take samu sosai, ruwa kuma ba ya kwanciya. Ana iya shuka ƙwayarsa, sai dai tana da tauri, dole a jiƙa ta kwanaki kafin ta tsira. A shekarar farko yana bukatar ban ruwa da kariya daga awaki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokacin hunturu da tsakiyar rani. Idan sanyi ko fari ya daɗe, lalle yakan zubar da ganye, ya tsaya tsirara kamar busasshe. Nan ne wani zai ɗauko gatari, wani kuma, saboda tausayi, ya dinga kwarara masa ruwa safe da yamma har saiwar ta ruɓe. Dukansu biyu sun yi gaggawa, domin itacen hutawa yake yi. Mai shakka ya kankare ɓawon reshe da farce. Muddin ya ga kore a ciki, to akwai rai, kuma da saukar ruwan fari zai tofo.

Sai batun datsa, wanda yake bukatar mai lambu ya san abin da yake nema. Furen lalle a kan rassa yake fitowa. Saboda haka wanda ya mai da shi shinge yana aske shi a kai a kai, zai sami ganyen ƙunshi, amma ya yi sallama da ƙamshi. Mai son fure kuwa sai ya dakata har furen ya gama zuba, sannan ya rage tsofaffin rassa, watau waɗanda bakinsu ya riga ya zama ƙaya. Mai wadatar fili yana iya ware gindi ɗaya kusa da taga, ya hana almakashi zuwa wurinsa.