Zaren Ba Kalar Yadin Ba: Hattara da Launin Hoto a Waya

Bara, da bikin 'yar ƙanwata ya matso, matan gidanmu suka tsayar da ankon leshi ruwan makuba. A WhatsApp suka gan shi, wajen wata mai saida kaya da ke wani gari, suka haɗa kuɗi suka tura. Ranar da aka karɓo ƙunshin daga tasha aka kwance, sai ga leshi ruwan ƙasa, ƙasar ma wadda ta sha rana. Aka kira ta, ta ce: "Hajiya, ai hasken waya ne." Da aka miƙo mini wayar na duba hotunan nata guda shida, masu kala shida, sai na ga ninkin yadin ɗaya ne, tattarar da ke gefen hagu ɗaya ce, har ɗan zaren da ya zaro a ƙasa yana nan a kowanne. Yadi ɗaya ta ɗauka, ta rina shi sau biyar ba tare da ta je marina ba.

Yadda ake yin abin ba shi da wuya. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo kuma lamba uku ke riƙe da launinsa: ta ja, ta kore da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Haɗuwarsu ke ba da launi sama da miliyan 16. Mai gyara zai kewaye wurin da yake so, riga ce ko mota ko fuska, ya ja wani ɗan ma'auni, lambobin wurin su sauya, sauran hoton yana nan yadda yake. Abin da ke ruɗin ido shi ne launin kaɗai ake taɓawa, a bar haske da inuwa. Ninki da sheƙi da tattara duk na gaske ne, shi ya sa zuciya take amincewa. Lokacin da Photoshop ta fito a 1990, sai mai kwamfuta da ya zauna ya koya. Yau manhajoji irin su PicsArt da Lightroom suna cikin wayar ɗan sakandare, wasu ma da kansu suke gano inda rigar ta fara da inda ta ƙare.

Kada a ce na hana mutane sana'a. Telan da ya nuna wa amarya yadda ɗinki zai fito a kala uku bai yi laifi ba, haka mai fentin da ya nuna wa maigida bangonsa kafin a sayi bokiti. Masu hoton fasfo ma kullum suna mai da jan bango fari, kodayake ya kamata mai neman bizar Amurka ya san ƙa'idarsu ta hana hoton da aka sauya wa kamanni. Matsalar tana farawa ne inda aka yi rini aka yi shiru, kuma aka karɓi kuɗi a kan rinin.

Manya ma sun taɓa faɗawa. A watan Yuni na 1994, mujallun Time da Newsweek suka buga hoto ɗaya na O.J. Simpson, wani baƙar fata da ake zargi da laifi, hoton da 'yan sanda suka ɗauka. Newsweek ta bar shi yadda yake, Time ta ƙara masa duhu. Da aka jera su a teburin masu saida jarida kowa ya gani, aka yi ta sukar Time cewa ta ƙara wa baƙar fata baƙi don ya fi kama da mai laifi. Mu nan akasin haka muke yi: haske muke ƙarawa. Sau nawa aka tura wa saurayi hoto, ya zo zance ya yi ta waige-waige yana jiran fitowar wadda ke zaune a gabansa? Abin dariya ne a majalisa, amma yarinyar da ta saba ganin kanta fara a waya, ita ce gobe za ta nemi man bilicin don madubi ya yarda da wayar.

To ta yaya za a gane? A buɗe hoton da yatsa biyu a duba gefuna. Inda yadi ya haɗu da hannu ko gashi, sau da yawa akan ga siririn layin tsohuwar kala, ko sabuwar ta malala kan fata. A duba abin da ke kusa: jar mota takan jefa ɗan ja a kan tayil ko gilashin da ke gefenta, idan motar ja ce amma gilashin na nuna fara, an yi aiki. A fuska, wuya da kunne da gaɓoɓin yatsu ne ke tona asiri. Sai dai WhatsApp yana matse hoto har waɗannan alamu su dushe, don haka a ce a turo shi a matsayin fayil. Wanda ya fi duka shi ne bidiyo: a fito da kayan tsakar gida da rana, a juya shi, a ajiye farar takarda a kai. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

A yi adalci kuma, wani lokacin da gaske haske ne. Ƙwan shago mai ɗorawa yana juya shuɗi, kyamarar kowace waya da yadda take fassara fari, fuskar wayarka da tawa ba ɗaya suke nunawa ba. Shi ya sa in kala ce jigon cinikin, kamar anko ko labule ko fenti, gara a taka zuwa kasuwar Wunti ko babbar kasuwa, a fito da yadin bakin ƙofa a gani, don ba a cinikin biri a sama. In dole sai daga nesa, a fara sayen yadi ɗaya, a ajiye hoton da hirar da shaidar biya. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana tallar yaudara, amma ba ta aiki da "wallahi ba haka na gani ba".

Akwai kuma wani rinin da ba kuɗi yake ci ba. Duk watan Janairu, idan ana tunawa da kisan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1966, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu, hotunansa kan cika Facebook. Akwai masu launi na asali, akwai kuma baƙi da fari da manhaja ta shafa wa kala. Manhajar ba ta ga rigar ba, cinta take yi daga miliyoyin hotunan da aka koyar da ita, kuma in ka ba ta hoton sau biyu tana iya ba ka riga biyu. Na gwada da hoton auren kakata, ta ɗaura mata shuɗin zane. Na kai wa goggona, ta daɗe tana kallo, ta ce: "Ɗan nan, wa ya canza wa Inna zane? Saƙi ne ja, ni na gaje shi, yana cikin adakata."