Ko Kun Sani?

A birnin Landan aka fara gasar ƙwallon tebur ta duniya, a 1926, lokacin da babu soso a jikin raket. Da gasar ta je Wembley a 1954, Ichiro Ogimura na Japan ya lashe ta da raket mai soso, abin da ya tayar da ƙura sosai. A 1959 aka kafa doka: roba da soso, a haɗe, kada kaurinsu ya wuce milimita 4.

Soso mai kauri yana ƙara wa ƙwallo gudu da juyi, amma sarrafa ta sai gwani. Idan kun sauya roba, ku fara da soso siriri, kamar milimita 1.5, har hannu ya saba.