Kai, ke ko ku? Tarihin kalmar "you" da nauyin da take ɗora wa masu fassara a Gombe

Takardun gwamnati suna barin Abuja da Turanci, amma idan sun isa Gombe ba a cika barinsu a haka ba. A sakatariyar gwamnatin tarayya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da gidajen rediyon garin, akwai wanda zai karanta takardar ya mayar wa jama'a da Hausa. A nan ne kalma mai haruffa uku, wato "you", take tsayar da shi. Turanci ya bar ta a dunƙule: namiji da mace, mutum ɗaya da taron jama'a, sarki da talaka, duk da ita ake kiransu. Hausa kuwa ba ta barin mai magana ya wuce sai ya zaɓa tsakanin kai da ke da ku.

Yadda jam'i ya cinye tilo

Turanci bai faro da wannan dunƙulewa ba. A tsohon Turanci, kimanin shekara dubu da suka wuce, wakilin sunan mutum na biyu yana da sura daban-daban. Wadda ta zama "thou" ita ce ta mutum ɗaya idan shi ne aikau, "thee" kuma idan shi ne karɓau. Jam'i yana da "ye" ga aikau, da wata kalma, "eow", ga karɓau. Daga wannan ta ƙarshe "you" ta fito. Har ma akwai "git", mai nufin ku biyu, kamar yadda Larabci yake da "antuma". Asalin ma'anar "you" ke nan ita ce ku, a irin jimlar "na gan ku".

Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu. A Faransanci ana kiran babban mutum da jam'i, "vous", a bar "tu" ga yara da makusanta. Daga ƙarni na 13 Ingilawa suka fara yin haka da harshensu: "ye" da "you" ga na sama, "thou" ga bara da yaro da aboki na ƙud-da-ƙud. Zuwa ƙarni na 16 "you" ta ture "ye" daga gurbin aikau. Da birane suka bunƙasa, aka daina gane matsayin mutum da ganin tufafinsa, sai kowa ya ga ya fi aminci ya kira baƙo da kalmar girmamawa, domin wuce gona da iri wajen ladabi bai kai cin fuska haɗari ba.

Cin fuskar kuwa ta gaske ce. A shari'ar Walter Raleigh a 1603, babban lauyan gwamnati Edward Coke ya riƙa kiransa da "thou" da gangan don ya ƙasƙantar da shi. Mabiya ɗariƙar Kiristoci ta Quaker sun bi hanyar da ta saɓa: sun ƙi kiran mutum ɗaya da jam'i, kowane ne shi, saboda a ganinsu mutane daidai suke a gaban Allah. Jagoransu George Fox da abokansa sun wallafa littafi guda a kan wannan batu a 1660, kuma mabiyansu sun sha duka da zagi a kansa. Duk da haka, kafin ƙarni na 17 ya ƙare "thou" ta fita daga Turancin yau da kullum, ta saura a addu'a da waƙa da wasu kare-karen harshe na arewacin Ingila.

Tabon wannan tarihi yana nan a nahawu. Shi ya sa ake cewa "you are" ko da mutum ɗaya ake nufi. A ƙarni na 18 mutane da yawa sun yi ta cewa "you was" ga mutum ɗaya don cike giɓin, har Robert Lowth ya soki hakan a littafinsa na nahawu na 1762. Sauran masu Turanci sun ƙirƙiro nasu jam'in: "y'all" a kudancin Amurka, "youse" a Ailan da Ostareliya. Turancin Buroka na Najeriya ya ɗauko "una", wadda masana ke dangantawa da "unu" ta harshen Ibo.

Inda Hausa take ajiye girma

A 1960 Roger Brown da Albert Gilman sun nuna cewa a harsunan Turai wannan zaɓi yana bin abu biyu, iko da kusanci. Hausa ta san wannan, amma ba ta ɗora wa jam'i dukan nauyin ba. Gaskiya ne ana jin "kun tashi lafiya?" ga dattijo ko suruki, amma a fada da tilo ake yi wa sarki addu'a: ranka ya daɗe, Allah ya taimake ka, Allah ya ja zamaninka. Ba wanda yake jin raini a cikin wannan "ka", domin girman yana cikin addu'ar da muƙamin da durƙuson.

Hausa tana da wata ƙofa ta uku, wato lamirin da bai nuna kowa ba: an wuni lafiya, a zauna, a kawo takardar. Da shi ake ba da umarni ba tare da nuna mutum da yatsa ba, da shi kuma mai jin nauyi yake gaida wanda ba ya iya duban idonsa. Shi ne kuma yake fassara "you" ɗin da ba ta nufin kowa takamaimai, irin wadda ke cikin ƙa'idojin cike fom. Wanda ya mayar da ita "kai" ya juya ƙa'ida ta kowa ta koma gargaɗi ga mutum ɗaya.

Gombe, mahaɗar harsuna

Gombe gari ne da wannan zaɓi yake da nauyi na musamman. Masarautar ta samo asali daga Buba Yero a zamanin jihadin 1804, hedikwatarta ta dawo garin na yanzu a 1919, jihar kuma an cire ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996. A ƙananan hukumominta 11 akwai Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolewa da Tula da wasu da dama, kuma Hausa ce take haɗa su a kasuwa da asibiti da tasha. Fulatancin Gombe, wanda D. W. Arnott ya gina littafinsa na nahawu na 1970 a kansa, yana raba mutum ɗaya da jama'a amma ba ya raba namiji da mace. Saƙo ɗaya na iya ratsa harsuna uku, kowanne da abin da yake tilasta a fayyace.

Littattafan addini sun nuna girman abin. Larabci yana da anta da anti da antuma da antum da antunna. Fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 da ta Yusuf Ali ta 1934 sun riƙe "thou" da "ye", wanda ya taimaka wa mai karatu ya gane inda ake magana da Annabi (SAW) da inda ake magana da al'umma. Fassarar Abdel Haleem ta 2004, da ta yi amfani da Turancin zamani, sai da ta riƙa saka bayani a baka biyu don wannan dalili. Tarjamar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ba ta bukaci haka ba, saboda kai da ku sun wadatar. Haka Baibul na Sarki James na 1611 ya riƙe bambancin, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, da aka kammala a 1932, yana da shi ba tare da wata dabara ba.

Abin da ya rage ga ma'aikaci

Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara harsunan jiharsu. Fassara ke nan aiki ce ta hukuma, kuma kuskurenta yana da sakamako.

Takardar tuhuma da ta ce "you" na iya nufin jami'i ɗaya ko sashe baki ɗaya. Idan aka ce "kun gaza", laifin mutum ɗaya ya watsu a kan kowa. Idan aka ce "ka gaza", an ɗora wa ɗaya kayan goma. Saƙon awon ciki da ya fito da "ka" ya kuskure wadda aka yi dominta, kuma na'urorin fassara, da suka haɗa da Google Translate wanda ya shigar da Hausa a 2013, sai dai su yi hasashen jinsin da jimlar Turanci ba ta faɗa ba. Hadimin da ke rubuta wa mai gidansa jawabin ziyarar fada zai lura cewa "Your Royal Highness" ba ya komawa "ku", yana komawa Mai Martaba, tare da addu'ar da ta dace.

Maganin yana farawa daga teburin mai rubutu. Idan ya ambaci muƙamin wanda ake nufi, ya ce jami'in kula da kuɗi ko dukan ma'aikatan sashe, ya ɗauke wa tafinta kacici-kacici. Idan bai yi ba, ya kamata tafinta ya tambaya kafin ya buɗe baki: da wa ake magana, su nawa ne, kuma mene ne matsayinsu ga mai magana? Turanci ya daina yin waɗannan tambayoyi fiye da shekara 300 da suka wuce, amma mai sauraro a Gombe yana jin amsarsu tun a kalmar farko.