Dokokin Zubar da Ciki a Amurka da Makomar 'Yan Tayin da ke Ajiye

A ranar 24 ga watan Yuni na shekarar 2022 ne Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe hukuncin da ita da kanta ta yanke a 1973 a shari'ar nan ta Roe da Wade, watau hukuncin da ya ce tsarin mulkin ƙasar ya ba mace damar zubar da ciki muddin ɗan tayin bai kai matsayin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa ba. Sabon hukuncin, wanda a ke kira da sunan Dobbs, ya mayar da maganar hannun jihohi, kowace ta tsara dokarta yadda ta ga dama. Cikin 'yan watanni fiye da jihohi goma suka hana zubar da ciki kusan baki ɗaya. Galibin masu bin labarin sun ɗauka abin ya tsaya ne ga matan da ba sa son cikin da su ke ɗauke da shi. Likitocin haihuwa kuwa tun daga ranar suka hango wasu mutanen dabam da dokokin za su iya rutsawa da su, watau ma'auratan da su ka ƙosa su ga jininsu, su ke neman haihuwa ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jikin mace.

Kafin a gane inda gizo ke saƙa, tilas a san yadda wannan aiki ya ke gudana. A ranar 25 ga Yuli 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, ita ce ta farko da aka samu ta wannan hanya, a hannun likita Patrick Steptoe da masanin kimiyya Robert Edwards. Amurka ta sami tata a Disamban 1981. A kan yi wa mace allurai na wajen kwana goma domin ta nunar da ƙwayaye da yawa a lokaci guda, maimakon ɗaya tak da ta saba kowane wata. Sa'an nan a zuƙo su da allura, a haɗa su da maniyyi a cikin ɗan faranti, a yi renonsu kwana biyar ko shida. Ba duka ke kamawa ba, a cikin waɗanda su ka kama ɗin ma da dama su kan tsaya da girma da kansu. Wanda ya tsira har wannan lokaci ɗan dunƙule ne da bai kai ƙwayar gero ba, da ƙyar ido ke ganinsa. Yawanci guda ɗaya a ke dasawa a mahaifa, domin gudun haɗarin da ke cikin goyon tagwaye ko 'yan uku. Sauran sai a daskarar da su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, dabarar da ta fara haifar da ɗa mai rai a 1984. In dashen farko bai kama ba, sai a narkar da wani a sake gwadawa ba tare da an maimaita wa matar wahalar allurai ba. Sabo da haka rarar 'yan tayi tana cikin tsarin aikin tun daga tushe. Wani ƙidayar da aka buga a 2003 ya nuna akwai kimanin 400,000 a ajiye a Amurka, tun daga lokacin kuwa ƙaruwa su ke ta yi.

Bahaushe ya ce "zubar da ciki", kalmar kuwa ta riga ta nuna cewa sai da ciki a ke zubarwa. Abin da ke kwance cikin tankin ƙarfe a ɗakin bincike ba shi cikin kowa. Yawancin dokokin jihohi da su ka fara aiki bayan Dobbs a kan wannan fahimta su ke, domin sun bayyana laifin a matsayin kawo ƙarshen juna biyu da mace ke ɗauke da shi a jikinta. Dokar Jojiya, alal misali, ta yi maganar wanda a ke ɗauke da shi a mahaifa ne. Da a nan zancen ya tsaya da babu abin damuwa sosai. Matsalar ta ɓullo ne ta wata kafa, wadda a ke kira ba ɗan tayi matsayin mutum, watau a rubuta cikin doka cewa rayuwar ɗan Adam da dukkan haƙƙoƙinsa suna farawa tun daga lokacin da maniyyi ya shiga ƙwai. In aka amince da wannan, to, wurin da ɗan tayin ya ke, mahaifa ko tanki, ba shi da sauran muhimmanci. Masu wannan ra'ayi sun daɗe suna gwagwarmaya. A 2011 sun kai shi gaban masu ƙuri'a a Misisifi, jihar da ta yi suna wajen ƙin zubar da ciki, amma jama'a su ka ƙi, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne tsoron abin da zai sami masu neman haihuwa. Muddin hukuncin Roe na nan, irin waɗannan dokoki ba su da haƙora. Da ya faɗi, shingen ya kau.

A jihar Alabama aka ga abin a zahiri. A Disamban 2020 wani majiyyaci a wani asibiti da ke birnin Mobile ya kutsa ɗakin ajiya ta wata ƙofa da ba a kulle ba, ya ciro waɗansu 'yan tayi daga tanki, sanyin ya ƙona masa hannu, ya sake su ƙasa su ka lalace. Ma'aurata uku da abin ya shafa su ka kai ƙara, suna neman diyya a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1872 da ta ba iyaye damar neman diyyar ɗansu da aka yi sanadin mutuwarsa. Kotun farko ta kori wannan ɓangare na ƙarar, ta ce abin da ya lalace ba yaro ba ne a idon dokar. Amma a ranar 16 ga Fabrairu 2024 Kotun Ƙoli ta jihar ta juya hukuncin, ta ce dokar ta haɗa da dukkan 'ya'yan da ba a haifa ba, ko ina su ke. Ta kuma jingina da gyaran da aka yi wa tsarin mulkin jihar a 2018, wanda ya ɗora wa jihar nauyin kare rayuwar wanda ba a haifa ba. Babban Jojin jihar, Tom Parker, ya ƙara da nasa bayani inda ya kafa hujja da littafin Baibul. Abin mamaki a nan shi ne, waɗanda su ka kai ƙarar su kansu ta wannan hanya su ka nemi haihuwa, ba su kuma fito don a rufe ta ba.

Ya kamata a lura cewa shari'ar ta diyya ce, ba a ɗaure kowa ba, ba a kuma haramta aikin ba. Duk da haka cikin mako guda asibitin Jami'ar Alabama da ke Birmingham, wanda ya fi kowane girma a jihar, ya dakatar da aikin, wasu cibiyoyi biyu su ka bi sahu. Dalilinsu a fili ya ke. Ɗan tayi ya kan mutu wajen narkarwa, ya kan tsaya da girma a faranti, tanki ya kan lalace, hannu ya kan kuskure. In kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai zama mutuwar yaro a gaban alƙali, babu likitan da zai iya ɗaukar nauyin, babu kuma kamfanin inshora da zai tsaya masa. Matan da su ka riga su ka yi makonni suna shan allurai, an sa musu ranar dashe, sai aka kira su aka ce su dakata. Ga macen da shekarunta su ka haura 38, jinkirin 'yan watanni ma asara ce da ba a mayarwa. Kukan jama'a ya sa majalisar jihar ta yi gaggawa, Gwamna Kay Ivey ta sa hannu a wata doka ranar 6 ga Maris 2024 wadda ta kare likitoci da majiyyata daga tuhuma ko neman diyya in ɗan tayi ya lalace. Aiki ya dawo. Sai dai dokar ɗinki ce kawai a kan ɓaraka, domin ba ta taɓa ainihin maganar kotun ba, watau cewa abin da ke cikin tanki yaro ne. Har ila yau ta rage wa iyaye hanyar neman haƙƙinsu ko da sakaci ne tsantsa ya jawo asarar.

Tun kafin Dobbs ma jihohi ba su yi magana da murya ɗaya ba. Luwiziyana ta kafa doka a 1986 wadda ta ba ɗan tayin faranti matsayi a shari'a, ta hana a lalata mai rai da gangan. Aikin bai mutu a can ba, amma cibiyoyi su kan aika da rarar zuwa wasu jihohi don ajiya. A Tenesi, cikin 1992, wasu ma'aurata da su ka rabu sun yi jayayya kan 'yan tayi bakwai, Kotun Ƙoli ta jihar ta ce waɗannan ba mutane ba ne, ba kuma dukiya ba ce, suna da matsayi na tsakiya da ya cancanci girmamawa ta musamman, ta kuma fifita wanda ba ya son a tilasta masa zama uba. Arizona kuwa a 2018 ta ɗauki kishiyar wannan: in aure ya mutu, a ba wanda ke da niyyar haifarsu.

Mai son ganin abin da taƙaitawa ke haifarwa sai ya dubi Italiya. Dokarta ta 2004 ta hana a haɗa fiye da 'yan tayi uku, ta kuma wajabta a dasa su duka a lokaci guda. Budurwar mace mai ƙarfin haihuwa sai ta faɗa haɗarin 'yan uku, wadda ta manyanta kuwa, da ukun ba su cika isarta ba, sai ta yi ta maimaita allurai. Ma'aurata da yawa su ka riƙa ƙetarawa ƙasashen maƙwabta, har Kotun Tsarin Mulki ta soke wannan iyaka a 2009. A Amurka, inda zagaye guda na aikin ya kan wuce dala 12,000, kuma sau da yawa daga aljihun ma'aurata kuɗin ke fitowa, irin wannan doka za ta fi cin marasa ƙarfi. Akwai kuma batun gwajin gado. Iyalan da ke ɗauke da cuta irin ta sikila su kan bi wannan hanya ne takanas don a zaɓi ɗan tayin da ya kuɓuta, zaɓi kuwa yana nufin akwai waɗanda za a bari. Wani wurin da dokokin su ka riga su ka taɓa kai tsaye shi ne rage yawan 'yan tayi bayan sun kama a mahaifa, in sun yi yawan da zai jefa uwa da su kansu cikin haɗari, domin wannan zubar da ciki ne a ma'anar dokar jihohin da su ka hana.

Masu adawa da zubar da ciki su kansu kansu ya rabu. Cocin Katolika ta bayyana ƙin wannan hanya ta haihuwa tun 1987, babban taron 'yan Baftis na Kudu kuma ya nuna damuwarsa da ita a Yunin 2024. Amma 'yan siyasar da su ka yi murna da Dobbs, da yawansu sun yi hanzarin cewa suna goyon bayanta, don sun san mabiyansu ma na cikin masu zuwa waɗannan cibiyoyi. Wahalar ita ce, mutum ba zai riƙe cewa rai cikakke na farawa daga haɗuwar ƙwai da maniyyi, sa'an nan ya kau da kai daga dubban da a ke zubarwa kowace shekara ba. Sau biyu a 2024, a Yuni da Satumba, ƙudurin kare aikin a faɗin ƙasa ya kasa wucewa a Majalisar Dattawa, sai wasu jihohi irin su Jojiya da Tenesi su ka yi nasu dokokin kariya a 2025.

Ingila ta ƙayyade tsawon ajiya, tun 2022 iyakarsa shekara 55, tare da sabunta izinin masu su kowace shekara goma. Amurka ba ta da irin wannan iyaka a dokar tarayya. Mai rara yana da zaɓi kaɗan: ya yi amfani da su, ya ba wasu ma'aurata, ya bayar don bincike, ya sa a zubar, ko ya ci gaba da biyan kuɗin ajiya kowace shekara. Wasu su kan daina biya su ɓace, cibiyar ta rasa yadda za ta yi da abin da aka bar mata. In doka ta rufe ƙofar zubarwa da ta bincike, sai a tambayi wa zai biya ajiyar bayan iyayen sun tsufa ko sun mutu, a kuma tambayi ko wanda ke cikin tanki yana da rabo a gado. Sanyin naitirojin dai ba ya gajiya da jira: a Yulin 2025 an haifi wani yaro a jihar Ohayo daga ɗan tayin da aka daskarar tun 1994.