Gano Jinkirin Girma da Matsalolin Ɗabi'a ga Ƙananan Yara a Damagaram: Darasi daga Awon Damtse

1. Gabatarwa

A ƙasar Damagaram, yaron da ya makara wajen tafiya ko magana akan ce "kowa da lokacinsa". In abin ya daɗe, sai a fara zancen iska, wani ma a kira shi ɗan ruwa. Sau da yawa ba a gane kurumta ko raunin fahimta sai an sa yaro makaranta, alhali ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa ne a shekaru 3 na farko. Wannan maƙala tana nuna cewa hanyar gano matsalar da wuri tana nan a jihar Zinder. Faɗaɗa ta ya rage.

2. Musabbabai

Cututtukan da suka fi raunana ƙwaƙwalwar yaro a yankin sanannu ne: tamowa, zazzaɓin sauro mai hawa ka, sanƙarau, da doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar a 1995, yakan bar yaro kurma. Zazzaɓi mai hawa ka kuwa yakan bar farfaɗiya, ko rashin natsuwa da yawan faɗa. Yaron da ya tashi daga ɗayan waɗannan, shi ya kamata a fara bibiya.

3. Ma'auni

Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) na 2006, wanda ya haɗa da yaran Gana, ya nuna lafiyayyun yara suna zama da kansu tsakanin wata 4 da 9, suna tafiya tsakanin wata 8 da 18. Wato tazarar tana da faɗi, amma tana da iyaka. Akwai kuma "Tambayoyi Goma" da aka gwada a Bangaladash, Jamaika da Pakistan, ga yara ƴan shekara 2 zuwa 9: ko yaro yana ji, yana gani, yana gane umurni, yana suma. Ba sa buƙatar na'ura, sai mai tambaya da mai amsawa.

4. Darasin Mirriya

Bayan yunwar 2005 aka yawaita cibiyoyin kula da tamowa, kuma a 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. A gundumar Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da zare mai launi uku. Ja yana nufin ƙasa da milimita 115. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna awon iyaye bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba, kuma yaran sun isa likita tun ciwo bai yi tsanani ba. Uwar da ta iya karanta zare za ta iya lura ko ɗanta yana waiwaye in an kira shi, ko yana nuna abu da yatsa, ko yana wasa da tsararrakinsa.

5. Harshe da al'ada

A nan aikin sashenmu yake. Fassara tambayoyin daga Faransanci kalma da kalma ba ta wadatar. Hausa tana da matakanta: zama, rarrafe, tsayuwa, tatata, gwaranci, yaye. A kansu ya dace a gina tambaya, domin uwa ta fi tuna "kafin yaye" bisa ga "wata 18". Haka kuma kunyar ɗan fari takan hana uwa yin zancensa a fili, don haka a tambayi kaka ko goggo mai reno. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban baƙo ladabi ya nuna. Kada a rubuta shi cikin masu matsala. A Tanut da Gure sai an tanadi tambayoyin da Barbarci, Fulatanci da Buzanci.

6. Kammalawa

Tantancewa ba ita ce gano cuta ba, kuma suna irin "wawa" yakan bi yaro har girma. Saboda haka kowace tambaya a wurin awo ko rigakafi a CSI ta kasance da mataki na gaba: duba kunne, maganin farfaɗiya, ko turawa babbar likitar Zinder. Tattara kalmomin da iyaye ke amfani da su, daga Birni da Zango har ƙauyukan Magarya, aiki ne da ɗalibanmu za su iya somawa.