Aiki daga Gida: Abin da Shekaru 40 na Charles Darwin a Ƙauye Suke Koyarwa

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe ofisoshi da makarantu a ƙasashen duniya, batun yin aiki daga gida ya shiga cikin abubuwan da masana ke nazari a kai. A Nijeriya an rufe jami'o'i a watan Maris na wannan shekara, sa'an nan a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Malamai da ɗalibai da dama sun sami kansu a gida na tsawon lokaci, nesa da ɗakunan gwaji da laburare da abokan aiki. Wasu sun fito daga wannan hali da rubuce-rubucen da suka daɗe suna ɗagawa, wasu kuwa sun fito ilimin nasu ya yi tsatsa. Tambayar da ta taso ita ce, me ke sa wani ya bunƙasa a gida, wani kuma ya dusashe?

Tarihin kimiyya yana da misalin da ya cancanci a dube shi da idon basira, watau rayuwar Charles Darwin, masanin halittu na ƙasar Ingila, wanda ya yi shekaru 40 yana bincike a cikin gidansa ba tare da ya riƙe muƙami a wata jami'a ba.

Daga Landan zuwa Downe

An haifi Darwin a 1809. Yana da shekara 22 ya shiga jirgin ruwan nan mai suna Beagle, ya yi kusan shekara biyar yana kewaya duniya, daga Disamba 1831 zuwa Oktoba 1836. Bayan dawowarsa ya zauna a Landan, inda ya yi sakatare na ƙungiyar masana duwatsu daga 1838 zuwa 1841. A can ne rashin lafiya ya fara takura masa, musamman ciwon ciki da yawan amai, waɗanda kan tsananta duk lokacin da ya shiga taro ko ya yi doguwar hira. A watan Satumba 1842 shi da matarsa Emma suka ƙaura zuwa ƙauyen Downe a yankin Kent, kimanin mil 16 daga tsakiyar Landan. A wannan gida ya zauna har rasuwarsa a watan Afrilu 1882, kuma a nan ya rubuta mafi yawan littattafansa.

Tsarin yini

Ɗansa Francis ya bar cikakken bayani game da yadda mahaifinsa ke tafiyar da yininsa a shekarunsa na baya. Yakan tashi da sassafe ya ɗan taka, ya karya kumallo, sa'an nan ya shiga ɗakin karatu da ƙarfe takwas, ya yi aiki zuwa tara da rabi. Wannan sa'a ɗaya da rabi yana ɗaukar ta a cikin mafi albarkar lokutan aikinsa. Daga nan sai ya fito ya duba wasiƙun da suka iso, ya koma aiki da goma da rabi har zuwa wajen sha biyu. Da rana yakan yi yawo, ya ci abinci, ya karanta jarida, ya amsa wasiƙu, ya kwanta ya huta matarsa tana karanta masa littafin labari. Da la'asar yakan ƙara sa'a ɗaya ta aiki. Idan aka haɗa duka, aikin nasa mai zurfi bai cika wuce sa'a huɗu a yini ba.

Mai karatu zai iya ganin wannan kamar kaɗan ne, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai hikima a ciki. A 1993 Anders Ericsson da abokan aikinsa sun wallafa nazarin da suka yi kan ɗaliban goge a wata makarantar kiɗa da ke Berlin, inda suka lura cewa mafi ƙwarewa daga cikinsu sukan raba atisayensu zuwa zama-zama marasa tsawo, da hutu a tsakani, kuma jimillar atisayen mai buƙatar tattara hankali ba ta cika wuce sa'a huɗu a rana ba. Tun kafin nan, a 1885, Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka koya ana maimaitawa a ranaku daban-daban ya fi zama a ƙwaƙwalwa bisa wanda aka cusa a zama ɗaya. Ƙarfin tsarin Darwin yana cikin ɗorewarsa ne, domin ya bi shi kullum, har da ranar Lahadi, shekara da shekaru.

Yawon da yake yi shi ma wani ɓangare ne na aikin. A 1846 ya karɓi hayar wani ɗan fili daga maƙwabcinsa, ya dasa itatuwa, ya shimfiɗa hanyar tsakuwa da ta kewaye shi. A nan yake zagayawa kullum yana tunani, kuma an ruwaito cewa yakan tara duwatsu a bakin hanya ya riƙa ture ɗaya da ƙafa duk zagaye, don kada ƙirge ya raba masa hankali. A 2014 wasu masana biyu na Jami'ar Stanford, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz, sun gwada mutane a zaune da kuma a tafe, suka tarar cewa masu tafiya sun fi kawo sababbin dabaru.

Yadda ya koyar da kansa

Wanda ke aiki a gida ba shi da shugaban da zai nuna masa inda iliminsa ya gaza, sai dai shi ya nemo giɓin da kansa. Darwin ya rubuta taƙaitaccen ra'ayinsa game da sauyawar jinsunan halittu a 1842, ya faɗaɗa shi a 1844, amma bai wallafa ba. A 1846 sai ya shiga nazarin wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo, waɗanda ke mannewa a jikin duwatsu da jiragen ruwa. Aikin ya ci masa shekara takwas, yana feɗe su a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, yana rarrabe jinsunansu. Wannan aiki ya ba shi ƙwarewar da a da ba shi da ita wajen rarrabe halittu, ya kuma taimaka masa ya sami lambar yabo daga ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a 1853.

Gida da lambu su ne suka zama ɗakin gwajinsa. A 1855 ya so ya san ko tsirrai za su iya ƙetare teku su kai tsibirai masu nisa, sai ya jiƙa iri daban-daban a cikin kwalaben ruwan gishiri. Daga cikin iri 87, guda 64 sun tsiro bayan sun yi kwana 28 a ruwan. A watan Disamba 1842 an watsa alli a wani fili kusa da gidansa, ya bar shi sai 1871 ya sa aka haƙa, aka tarar allin ya nutse kimanin inci bakwai, saboda ƙasar da tana ke fitarwa tana tarawa a sama. Sakamakon wannan haƙuri na shekara 29 ya shiga littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881.

Har ila yau yana da wasu ɗabi'u biyu da suka dace kowane ɗalibi ya lura da su. Ta farko, duk littafin da ya karanta yakan yi masa jerin abubuwan da suka shafi aikinsa, kuma yana da manyan jakunkunan takardu tsakanin 30 da 40, kowace da batunta, inda yake jefa duk bayanin da ya samu. Ta biyu, ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa duk lokacin da ya ci karo da hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa yakan rubuta ta nan take, domin ya lura irin waɗannan hujjoji sun fi saurin ɓacewa daga zuciya bisa waɗanda suka goyi bayansa. Ga mutumin da ba shi da abokin gardama a kusa, wannan hanya ce ta zama mai sukar kansa.

Zumunci ta hanyar wasiƙa

Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake. Darwin ya rasa ƙafar, sai ya riƙe alƙalami. Ya yi sa'a a 1840 an fara aika wasiƙa ko'ina cikin Birtaniya da kan sarki na kwabo ɗaya. Masu tattara wasiƙunsa a Jami'ar Cambridge, waɗanda suka fara aikin a 1974, sun gano fiye da wasiƙu 15,000 da suka gudana tsakaninsa da mutane kusan 2,000. Cikin waɗannan akwai shaihunan malamai, akwai kuma masu lambu da makiyaya da jami'an gwamnati a ƙasashe masu nisa. Da ya fara kiwon tattabaru a 1855 sai ya shiga ƙungiyoyin masu kiwonsu a Landan, ya zauna ya saurari mutanen da ba su yi karatu mai zurfi ba amma sun fi shi sanin tsuntsun.

Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya yi bayanin amfanin irin wannan hulɗa a wata maƙala ta 1973. Ya nuna cewa sabon labari, kamar na gurbin aiki, ya fi zuwa daga sanin shanu bisa daga aminai, domin aminan mutum galibi abin da ya sani shi suka sani. Wannan hulɗa ce aikin gida ya fi raunanawa. Wani nazari da aka wallafa a 2021 kan ma'aikatan kamfanin Microsoft fiye da 61,000 a Amurka ya gano cewa da aka koma aiki daga gida, kason lokacin da suke ba abokan aiki na wasu sassa ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, kowa ya tattare cikin ƙaramin rukuninsa.

Sai dai manyan abokan Darwin ba ta wasiƙa kaɗai ya same su ba. John Henslow, malamin tsirrai da ya ba da sunansa don tafiyar Beagle, ya san shi ne a Cambridge ta yawan yawon da suke yi tare. Charles Lyell kuwa a Landan suka shaƙu. Joseph Hooker, wanda suka yi musayar wasiƙu kusan 1,400 da shi, yakan zo Downe ya kwana, su yi ta muhawara. A Afrilun 1856 Lyell ya kawo ziyara, ya ga tattabarun, ya ji bayanin ra'ayin, ya matsa masa lamba ya wallafa kafin wani ya riga shi.

Ranar wanka

Amfanin wannan zumunci ya bayyana a watan Yuni 1858. Wasiƙa ta iso daga Alfred Russel Wallace, wanda ke bincike a tsibiran da yanzu suke cikin Indunisiya, ɗauke da ra'ayi kusan iri ɗaya da wanda Darwin ya yi shekara 20 yana ginawa. A daidai wannan lokaci ƙaramin ɗansa ya kamu da zazzaɓi, ya rasu ranar 28 ga watan. Darwin bai iya yin komai ba. Lyell da Hooker ne suka shirya aka karanta takardar Wallace tare da wasu rubuce-rubucen Darwin a taron ƙungiyar Linnean ranar 1 ga Yuli. Cikin abin da aka karanta akwai kwafin wasiƙar da ya aika wa Asa Gray na Jami'ar Harvard a 1857, wadda ta zama shaida cewa ra'ayin nasa ya daɗe. Littafinsa kan asalin jinsunan halittu ya fito a Nuwamba 1859, kuma a muhawarar da aka yi a Oxford a 1860 ba ya nan, Hooker da Thomas Huxley ne suka kare shi.

Wanda ba a gani, yana buƙatar mai ambatonsa a inda ake yanke shawara. Gwajin da Nicholas Bloom da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Ctrip na birnin Shanghai, wanda aka wallafa a 2015, ya tabbatar da haka. Ma'aikatan karɓar waya da aka tura gida na wata tara sun ƙara yawan aiki da kashi 13 cikin 100, amma damar ƙarin girmansu ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da takwarorinsu masu irin ƙoƙarinsu a ofis. Da aka gama gwajin, kusan rabinsu suka zaɓi komawa ofis, da yawa saboda kaɗaici. Wani gwaji na biyu a kamfanin, kan ma'aikata 1,612, da aka wallafa a 2024, ya nuna cewa kwana biyu a gida da uku a ofis ya rage barin aiki da kashi ɗaya bisa uku, ba tare da ya taɓa ƙarin girma ba.

Kammalawa

Ya kamata a tuna cewa Darwin mai hali ne. Ya gaji dukiya, yana da barori, kuma Emma ta ɗauke masa nauyin gida da jinya. Malamin da ke fama da ɗaukewar lantarki da hayaniyar yara da baƙi masu sallama ba zai iya kwaikwayonsa kai tsaye ba, balle mace mai bincike wadda aikin gidan ma a kanta yake. Bugu da ƙari, shi kansa ya koka a ƙarshen rayuwarsa cewa yawan dulmuya cikin aiki ya kashe masa sha'awar waƙoƙi da kiɗa, ya ce da zai sake rayuwa da ya ware musu lokaci kowane mako.

Duk da haka akwai abubuwan da ba sa buƙatar kuɗi. Keɓe sa'a ɗaya da rabi da safe kafin gari ya waye sosai, ajiye littafin rubuta hujjojin da suka saɓa wa ra'ayi, aika wa masanin wani fanni tambaya takamaimiya cikin ladabi, amsa saƙon wanda ya nemi taimako, da halartar taron ƙara wa juna sani ko da sau ɗaya ne a shekara, duk suna cikin ikon ɗalibin digiri na biyu kamar yadda suke cikin ikon farfesa. Malaman zaure a ƙasar Hausa sun daɗe a kan irin wannan tsari: karatu bayan asuba a ƙayyadadden lokaci, ƙofa a buɗe ga almajirai da baƙi, sa'an nan tafiya lokaci-lokaci zuwa wajen wani malami don ɗaukar littafin da ba a sani ba.